Kafin Ka Kira Mai Walda: Yadda Ake Neman Izinin Kafa Allon Shago ko na Gida

Duk wanda ya kama sabon shago, da zarar mukulli ya shiga hannunsa abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne allo. Yana so sunansa ya fito, masu wucewa su san an buɗe, don haka tun kafin fentin bango ya bushe zai garzaya wurin mai walda ya ba da kuɗin ƙarfe, ya zarce wurin mai buga bana ya zaɓi kala, a kawo allo a ɗaura. Bayan 'yan makonni sai mota ta tsaya da hantsi, mutum uku ko huɗu su sauko da tsani da littafin rasit, su ce a nuna musu takardar izini. A ranar ne mutane da yawa suke fara jin cewa allo yana da doka, kuma a ranar ba su da bakin magana, domin kuɗi ya riga ya shiga ƙarfe, ƙarfe kuma ya riga ya shiga ƙasa.

Abin da nake so in kafa a wannan rubutu shi ne cewa mai walda shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ka gani. Kafin shi akwai izini iri uku: na mai ginin da za a ɗaura allon a jikinsa, na hukumar da ke kula da wurin da allon zai tsaya, da na hukumar da ke da ta cewa a kan kalmomin da za a rubuta. Wanda ya bi su a jere yakan biya sau ɗaya ya huta, wanda ya tsallake ɗaya kuwa yakan biya kuɗin allo, ya biya tara, sannan ya sake biyan kuɗin gyara allon.

Wa ke da hurumin ba da izini

Nan ne matsalar ta fi kauri, saboda haka zan ɗan daɗe a kai. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu inda aka zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, ya sanya kula da tallace-tallacen waje da allunan gefen hanya a hannun ƙaramar hukuma, tare da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Dokar da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, wadda aka yi a 1998, ita ma ta sa kuɗin izinin allo da talla a cikin kason ƙaramar hukuma, kusa da kuɗin shaguna da na rumfuna. Idan aka tsaya a nan, amsar mai sauƙi ce: ka tafi sakatariya.

Amma jihohi sun daɗe da shigowa cikin lamarin, kuma suna da hujjarsu, domin tsara gari da kula da manyan tituna aikinsu ne. Legas ta kafa hukumarta ta alluna, LASAA, a 2006, wasu jihohi suka bi sahu. A 2015 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta yi wa jerin harajin gyara, ta ce jiha da ƙaramar hukuma su riƙa karɓar kuɗin alluna da na tallan jikin mota tare, sai dai a 2020 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke cewa minista ba shi da ikon gyara dokar da kansa. A Abuja akwai sashen kula da alluna na Hukumar Babban Birnin Tarayya, DOAS, wanda ya sha kai ruwa rana da ƙananan hukumomin birnin, musamman AMAC, a kan wanda ya cancanci karɓar kuɗin. A Kaduna hukumar tsara birane ta KASUPDA ce ke duba inda allo zai tsaya, kuma tun dokar haɗe haraji ta 2016 hukumar haraji ta jihar, KADIRS, ce ke karɓar kuɗin shiga, an kuma hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. A Kano an daɗe ana zuwa hukumar tsara birane ta KNUPDA a kan manyan alluna, sannan a 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukuma ta musamman mai kula da alluna da tallace-tallace a jihar.

Ban kawo wannan tarihi don in cika takarda ba. Na kawo shi ne don mai shago ya gane cewa idan mutum biyu suka zo masa da takarda biyu a kan allo ɗaya, ba lallai ne ɗaya daga cikinsu ɗan damfara ne ba. Sau da yawa kowannensu yana riƙe da wata doka da yake ganin ta ba shi dama. A ganina bai dace a bar ƙaramin ɗan kasuwa ya zama shi ne fagen wannan jayayya ba, amma tunda haka abin yake, kariyarsa ita ce ya san matsayinsa tun kafin kowa ya zo.

Hanyar sanin matsayin ita ce ka je da ƙafarka sashen tattara kuɗin shiga na ƙaramar hukumarka, ka faɗi sunan titin da shagon yake da irin allon da kake nufin kafawa, ka tambayi abu biyu: wace hukuma ce ke ba da izini a wannan titi, kuma ina jadawalin kuɗin da aka amince da shi. Daga nan ka je hukumar jiha ka maimaita tambayar. Idan amsoshin sun zo ɗaya, ka huta. Idan sun saɓa, ka rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga kowannensu kana neman bayani, ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan naka. Ka kuma tabbatar da ƙaramar hukumar da shagonka yake ciki, domin a cikin birni kamar Kano, inda Fagge da Dala da Gwale da Nassarawa da Tarauni da Birni da Kewaye suke manne da juna, titi ɗaya yakan zama iyaka, wannan gefe na wannan, wancan gefe na waccan. Wanda shagonsa yake cikin babbar kasuwa irin su Kantin Kwari ko Sabon Gari, ya fara da ofishin kasuwar, domin kasuwanni suna da nasu ƙa'idojin a kan abin da ake ratayawa a layi.

Ka san irin allonka kafin a faɗa maka

Hukumomi ba sa yi wa alluna kuɗin goro. Bambanci mafi girma shi ne tsakanin allon da ke jikin wurin sana'arka yana faɗin sunanka da abin da kake yi, da allon da ke wani wuri dabam yana tallata kaya ko yana nuna hanya. Na farkon shi ne mafi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Na biyun, ko da ƙaramar kibiya ce a bakin layi mai cewa makaranta tana ciki, ana ɗaukarsa talla a filin jama'a, kuma yawanci yana buƙatar izininsa na dabam. Haka nan idan kamfanin lemo ko na layin waya ya yi maka tayin allo kyauta, da tambarinsa a manne da sunanka, ka tambaye su a rubuce wa zai biya kuɗin izinin, domin a idon hukuma wannan allo ya zama talla, kuma ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Bayan wannan ana duba yadda allon yake tsaye. Akwai wanda aka manna a bango ko aka rubuta da fenti a saman ƙofa, akwai wanda ya miƙo daga bango ya leƙo kan hanya, akwai mai ƙafafu da aka kafa a ƙasa, akwai na kan rufi, akwai kuma mai wuta a ciki. Gwargwadon yadda allo ya rabu da bango ya nufi titi, gwargwadon yadda sharuɗɗansa suke ƙaruwa. Bana ta 'yan kwanaki, irin ta buɗe shago ko ta rangwamen salla, yawanci tana da izini na ɗan lokaci, kuma ana sa ran a sauke ta idan wa'adin ya cika. Rubutun kamfani a jikin mota ko adaidaita sahu shi ma yana da nasa kuɗin da nasa sitika, ba ya shiga cikin na shago.

Sai awo. Mai walda da mai bana da ƙafa suke magana, hukuma kuwa sau da yawa da murabba'in mita take lissafi, kuma a tsakanin nan ne ake cutar wanda bai iya juyawa ba. Ƙafa ɗaya ta ɗan haura santimita 30. Allo mai ƙafa 4 a 8, wanda shi ne girman falle ɗaya na katako ko na ƙarfe da aka saba sayarwa, yana kamawa mita 1.22 a 2.44, wato kusan murabba'in mita 3. Mai ƙafa 3 a 6 bai kai murabba'in mita 2 ba. Idan jadawalin kuɗin ya kasu mataki-mataki, ƙara ƙafa ɗaya don ƙawa kawai na iya tsallakar da kai zuwa mataki na gaba, ka yi ta biyansa duk shekara. Ka kuma tambaya ko allo mai fuska biyu ana lissafa shi ɗaya ne ko biyu, domin a wurare da yawa kowace fuska da kuɗinta.

Mai gida da maƙwabta

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma ana yawan mantawa da shi. Bangon da za a huda na mai gida ne, kuma hukuma kan nemi shaidar cewa ya yarda. Ba sai an je wurin lauya ba. Ya isa ka ce masa, “Alhaji, ina so in ɗaura allo mai ƙafa 3 a 6 a saman ƙofa, a taimaka a sa mini hannu a nan,” ya sa hannu a kan layi uku da suka faɗi girman allon da wurinsa da wanda zai toshe ramukan idan ka tashi. Mafi kyau a shigar da wannan cikin yarjejeniyar haya tun farko. A rukunin shaguna masu bene, inda ake da dogon allo guda a bakin ƙofa kowa da layinsa, a fayyace ko mai ginin ne ke biyan kuɗin izinin ya raba wa 'yan haya, ko kowa zai ji da kansa. Maƙwabcin da allonka zai rufe wa nasa kuwa, ka same shi tun kafin a kafa, domin ƙorafinsa shi kaɗai na iya jawo a zo dubawa.

Inda allo ba ya tsayawa

Shekarun baya ƙanena ya buɗe shagon ɗinki a wani layi da ya ɗan shige daga babban titi. Da yake yana tsoron kada a rasa ganinsa, sai ya sa aka yi masa allo mai ƙafafu biyu na ƙarfe, aka haƙa rami a tsallaken kwata, aka zuba siminti, aka tsayar da shi dab da kwalta. Na tuna ranar da aka kafa shi, yana tsaye a tsakiyar layi yana duban sunansa da farin fenti a kan shuɗi, fuskarsa cike da murna. Bai yi wata biyu ba aka zo aka tumɓuke allon da simintin ƙafarsa aka jefa a bayan mota. Ya kira ni muryarsa na rawa ya ce, “Yaya, sun tafi da shi.” Da muka je karɓowa, ma'aikacin da muka samu bai ɗaga mana murya ba, ya dai zana mana titi da kwata a bayan wata takarda, ya ce duk abin da ya haye kwata ya bar filin mai gida ya shiga na jama'a. Muka biya tara, aka kai allon wurin mai walda ya yanke ƙafafun, aka manna shi a bango inda ya kamata a sa shi tun farko. Kuɗin ƙafafun nan da tarar da kuɗin mota sun isa su saya masa zare da maɓallai na watanni.

Ƙa'idar da aka zana mana ita ce ta farko da ya kamata kowa ya riƙe: hanyar masu tafiya a ƙasa, da kan kwata, da tsibirin tsakiyar titi, da shataletale, ba naka ba ne ko da suna ƙofar shagonka. Allon da ke kwana ko mahaɗar tituna kada ya tare wa direba ganin abin da ke tahowa, kada ya rufe alamar hanya ko danja, kada kuma kalarsa da haskensa su yi kama da nasu. Falwaya da jikin taransifoma da bishiyoyin gefen titi da gadar sama ba wuraren rataye allo ba ne. Ganuwa da ƙofofin gari na tarihi kuwa, mutunci ma ya isa ya hana kafin a kai ga doka.

Wanda yake bakin babbar hanyar tarayya, kamar ta Kano zuwa Zariya ko ta Kano zuwa Maiduguri, ya san cewa hurumin hanyar ya kai mita 45.72 daga tsakiyarta zuwa kowane gefe, kuma abin da za a kafa a cikin wannan tazara ya shafi ofishin ma'aikatar ayyuka ta tarayya da ke jihar, ko da ƙaramar hukuma ta ba da takarda.

Maganar wayar lantarki ita ce wadda nake roƙon kada a yi wasa da ita, domin a nan ba tara ake tsoro ba, rai ake tsoro. Ƙa'idar ƙasa ta ware mita 5.5 a kowane gefe na layin 11kV da na 33kV, mita 15 a kowane gefe na layin 132kV, da mita 25 a kowane gefe na layin 330kV. Allo ƙarfe ne, tsanin da za a hau sau da yawa ƙarfe ne, kuma babbar wuta ba ta jiran a taɓa ta kafin ta yi tsalle. Yaron mai walda da zai ɗaga dogon bututu a saman rufi ɗan wani ne. Idan waya ta ratsa ta saman shagonka, ka haƙura da allon rufi, ka yi na bango. Ka kuma tuna da iskar farkon damina, wadda ke zuwa da ƙura a watan Mayu da Yuni ta kwashe rufin kwano. Allo mai faɗi a kan siraran ƙafafu tamkar tabarma ce aka shanya mata, kuma idan ya faɗa kan mutum ko mota, kai za a nema. Shi ya sa ake neman zanen injiniya a kan manyan alluna masu tsayawa da kansu, kuma ban ga laifin wannan sharaɗi ba ko kaɗan.

Abin da za a rubuta

Izinin wuri bai halatta maka rubuta duk abin da ka ga dama ba. Sunan da zai hau allo ya zama shi ne wanda ke kan takardar rajistarka ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, harafi da harafi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya bayyana sunansa da lambar rajistarsa a wajen duk inda yake gudanar da harkarsa, a wurin da ido zai gani kuma da rubutun da za a iya karantawa. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai kada ya ƙara Limited ko Ltd a ƙarshen sunan don ya yi kwarjini, domin wannan kalma ta kamfani ce. Kuma kafin ka kashe kuɗi a kan suna, ka tabbata an amince maka da shi, saboda ba ƙaramin takaici ba ne a gama allo sannan a ce wani ya riga ka.

Wasu sana'o'in suna da ƙarin mai tsaro. Mai kemis da ke da lasisin sayar da ƙananan magunguna ba shi da ikon rubuta Pharmacy a allonsa, hukumar PCN mai sa ido a kan harkar sayar da magunguna ce ke kula da wannan. Tallan magani da abinci da kayan shafe-shafe, har da maganin gargajiya da aka ƙulla don sayarwa, yana buƙatar amincewar NAFDAC, kuma allon da ke alƙawarin warkar da ciwon suga ko hawan jini ko rashin haihuwa yana jawo wa mai shi hukunci, ban da alhakin marasa lafiyar da zai yaudara. Asibiti da ɗakin gwaji da makaranta su jira rajistar ma'aikatarsu kafin su ɗaga suna. Manyan tallace-tallace na gefen hanya kuwa, saƙon da ke kansu yana bi ta hannun ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da dokar 2022 ta kafa a madadin APCON. Wani abu kuma da ba doka ba ce amma yana ci mini rai: idan da Hausa za ka rubuta, ka zauna kusa da mai kwamfuta ka tabbata ya sa ƙ da ɗ da ɓ inda suke, ka karanta sau biyu kafin a buga, domin kuskuren da ya hau bana yakan yi shekaru yana kallon titi.

Takardu, dubawa da biya

Idan ka tashi kai buƙata, ka tafi da kwafin rajistar CAC, da katin shaidarka, da lambar harajinka idan kana da ita, da yardar mai gida ko shaidar mallaka, da hoton gaban shagon daga tsallaken titi yadda za a ga kwata da falwaya da maƙwabta, da zanen allon mai ɗauke da tsawo da faɗi da tazararsa daga ƙasa da kalmomin da za su hau kansa. Mai buga bana zai iya fitar maka da wannan zane a takarda da ɗan kuɗi kaɗan ba tare da an buga allon ba. Ka cike fom, ka riƙe kwafin duk abin da ka miƙa, ka rubuta ranar da sunan teburin da ya karɓa.

Yawanci za a turo ma'aikaci ya duba wurin. Ka kasance a shagon da kanka, da tef ɗin awo a hannunka, ku auna tare. Bayan dubawa za a ba ka takardar neman biya, kuma ita ce ya kamata ka karanta a tsanake: sunan hukuma, sunanka da adireshinka, irin allon, girmansa, shekarar da kuɗin ya shafa, da asusun da za a biya. Ka gwada adadin da jadawalin da ka gani a farko. Idan ya zarce, ka nemi a nuna maka layin da aka ɗauko shi, cikin ladabi, kafin ka biya, domin dawo da kuɗin da ya riga ya shiga asusun gwamnati abu ne mai wuyar gaske.

Ka biya ta banki ko ta hanyar biya ta intanet da hukumar ta amince da ita, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan gwamnati. Kada ka tura zuwa asusu mai sunan mutum, kada ka miƙa tsabar kuɗi don an yi maka alƙawarin ragi, komai kyan rigar mai karɓa da katin da ya rataya a wuya. Ragin da ake yi a bakin ƙofa ba ya shiga kowane littafi, saboda haka wata tawaga za ta dawo ta same ka kamar ba ka taɓa biya ba. Bayan biya ka mayar da shaidar banki a ba ka rasit na hukuma, sannan ka karɓi takardar izinin kanta ko sitika ko lamba, domin rasit shaidar biya ce kawai, izini kuwa shaidar cewa an yarda allon ya tsaya a wannan wuri da wannan girma. Sai ka riƙe wannan takarda sannan ka kira mai walda, ka ba shi awon da ke jikinta, ka ce kada ya ƙara ko da inci ɗaya.

Allunan gida da fili

Ɗan rubutun “gida na haya” ko “fili na sayarwa” da mai gida ya sa a jikin katangarsa ba kasafai yake jawo magana ba, amma idan dillali ya kafa babban allo mai sunan ofishinsa da lambobin waya, ya zama tallan sana'a, kuma ana iya neman izini da kuɗi a kansa. Dillali kada ya ɗaga allo sai da rubutacciyar yardar mai dukiya, idan kuma gidan gado ne, da yardar magada ko wakilin da suka naɗa, sannan a sauke shi da zarar ciniki ya faɗa. Rubutun nan da ake gani a bangaye, “wannan gida ba na sayarwa ba ne”, gargaɗi ne mai amfani ga mai saye, amma ba ya maye gurbin takardar mallaka. Wanda yake tsoron a sayar masa da gida a bayan idonsa ya kai maganar ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ya kuma sanar da mai unguwa. Idan fili yana gaban kotu, kada a rubuta lambar shari'a ko sunan kotu a allo sai da shawarar lauya.

Lambar gida da sunan layi hurumin ƙaramar hukuma ne, kamar yadda aka ambata. Mutanen unguwa ba su da ikon su wayi gari su kafa allo su raɗa wa layi sunan wani, komai girmansa a wurinsu, sai sun rubuta buƙata an amince an shigar da sunan a rajista. Mai gini kuma da aka ba shi izinin gini, yana da kyau ya sa lambar izinin a allon da ke bakin aikin, domin yana rage yawan tsayawar ma'aikatan da ke shafa wa gini jan fenti.

Bayan an kafa

Izinin allo yawanci na shekara ne, saboda haka ka tambayi ranar da naka zai ƙare, ko daga ranar biya ake ƙirgawa ko daga farkon shekara, ka sabunta kafin a zo nema. Idan ka sauya suna, ko ka ƙara girma, ko ka sa wa allon wuta, ko ka koma wani shago, tsohon izinin bai bi ka ba. Idan ka rufe sana'ar, ka sauke allon ka sanar da hukuma a rubuce, in ba haka ba bashi zai yi ta taruwa da sunanka, ko ya faɗa kan wanda ya gaje shagon.

Ranar da wata tawaga ta zo, ko da ka tabbata kana da gaskiya, kada ka yi dambe a kan tsani kuma kada ka bari yaran shago su yi. Ka nemi katin shaida da takardar da ta turo su, ka nuna rasit da izini, ka ɗauki hoton takardarsu. Idan hukuma ta biyu ce take neman kuɗi a kan allon da ka riga ka biya wa ta farko, ka karɓi takardar, ka amsa a rubuce ka haɗa da kwafin rasit ɗinka, ka kai kwafi ga hukumar da ka biya, ka kuma sanar da ƙungiyar 'yan kasuwar layinku, domin wasiƙa mai hannu talatin ta fi mai hannu ɗaya saurin samun amsa. Masu tare hanya da katako mai ƙusa suna neman sitikar talla a jikin mota kuwa, dokar 1998 ta fito fili ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Idan har aka sauke allon aka tafi da shi, ka nemi a rubuta maka abin da aka ɗauka da inda za a kai shi da laifin da aka ce ka yi, kuma duk tarar da za ka biya ta bi ta asusun gwamnati kamar kuɗin izinin.

Asalin takardun ka ajiye su a gida. A shago ka bar kwafi a cikin leda, a manne a bango kusa da teburin kuɗi inda yaron shago zai iya nunawa ko ba ka nan, sannan ka ɗauki hotonsu a waya, domin rasit ɗin inji yakan goge cikin 'yan watanni idan zafi ya buge shi.